DUHU A GABAN DIREBA, HAƊARI A BAYAN MOTA

Daga Wakilinmu na Minna

WANI dare a cikin daminar da ta wuce na shiga motar haya daga Suleja zuwa Minna, tafiyar kimanin kilomita 100. Motar tsohuwa ce ƙirar ƙasar Japan, irin waɗanda suka ga jiya suka ga yau, mu shida ne a ciki ban da direba. Tun kafin mu bar gari na lura da cewa gaban direban nan duhu ne ƙirin. Ba a ganin allurar maleji, ba a ganin gejin mai, balle na zafin inji. In yana son ya san abin da ya rage masa a tanki sai ya zaro wayarsa ta hannu ya haska, sitiyari kuwa a bar shi da hannu ɗaya. Da na yi masa magana sai ya yi murmushi ya ce, "Haba Malam, ai wannan fitilar ado ce. Shekara nawa ina bin hanyar nan? Ko ido rufe na san gudun da nake yi."

Mun wuce Lambata ke nan sai ruwa ya sauko, direba ya rage gudu. Can sai muka ji ƙarar birki da hon a bayanmu kamar ƙasa za ta tsage, wata tankar mai ta goce ta wuce mu ta gefe, har iskarta ta girgiza motarmu. Yaron tankar ya leƙo yana ɗaga murya, abin da na iya tsinta a cikin maganarsa shi ne ba mu da danja. Direbanmu ya gangara gefen hanya, muka fito cikin ruwa muka zagaya bayan mota. Fitilun gaba suna ci tar, amma a baya babu ko ƙyallin jan haske. Watau tun daga Suleja muke tafe cikin dare ba mai ganinmu ta baya, sai fa lokacin da aka taka birki.

Direban ya ce kwana uku ke nan da fitilun gabansa suka ɗauke, bai taɓa kawo wa ransa cewa abin ya shafi na baya ba. Wani dattijo da ke cikinmu ya dube shi ya ce, "Ɗana, yau Allah Ya rufa mana asiri. Gobe kada ka ɗauki ran kowa sai ka gyara." Da sigina ta ɓangarorin biyu muka lallaɓa har Paiko, muka shigo Minna ta Chanchaga dare ya raba.

Washegari na nufi Ƙetaren Gwari, unguwar da kanikawa da masu wayarin suka yi sansani a cikin Minna, domin in ji yadda aka yi ɗan haske na gaban direba ya tafi da danjar baya. Abin da na koyo a can, da wanda na bincika daga baya, shi ne zan shimfiɗa wa masu karatu a nan. Taƙaicensa kuwa shi ne, fitilun nan da muke rainawa su ne harshen mota, da su take gaya wa mai ita halin da take ciki. Ran da suka yi shiru, ba lafiya ce ta samu ba, bakin ne aka rufe.

DAGA 504 ZUWA BELJIYAM

Tsufan motocinmu yana da tarihi. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanko Jihar Neja daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Yamma, aka mai da Minna hedkwata. Garin da a da aka fi saninsa da tashar jirgin ƙasa ya cika da ma'aikatan gwamnati, da yawansu sun dawo ne daga Sakkwato. Shekara guda kafin haka, a 1975, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kamfanin Volkswagen kuma a Legas. A zamanin nan ma'aikaci kan karɓi rancen mota ya fito da 504 sabuwa ful, ko kuwa Beetle wadda ake yi wa laƙabi da kunkuru, kayan gyara kuma na asali ne.

Daga 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai albashi. Sai aka koma ga waɗanda aka riga aka mora a Turai da Amurka, waɗanda muke kira Beljiyam, mutanen kudu kuma su ce Tokunbo. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har 2006, amma ƙasa ta riga ta cika da na hannu. Ga misali, Golf 3 da ake lodin fasinja da ita a tashoshinmu an fara ƙera ta ne a 1991, watau mafi yawansu sun girmi yaran da ke tuƙa su.

To, inji ana iya sauke shi a sa wani, bodi ana iya yi masa walda da fenti ya koma kamar sabo, amma wayoyin da ke bayan allon direba, wanda kanikawa ke kira dashbod, suna nan yadda aka saka su tun ran farko. Robar da ta lulluɓe su ta sha zafin bazara ta bushe ta tsattsage, ƙurar hunturu ta shiga mahaɗansu, laimar damina ta kawo tsatsa, gargadar hanya ta sassauta abin da ke ɗaure, ɓeraye kuma sun ci rabonsu. Saboda haka mutuwar fitilun dashbod a tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne. Abin mamaki shi ne yadda muke zama da ita shekara da shekaru.

FITILUN KASHI BIYU NE

Abin da mai mota zai fara sani shi ne, fitilun da ke gabansa kashi biyu ne, ciwonsu daban, maganinsu daban. Kashi na farko su ne masu haska allo domin a ga alluran maleji da na mai da na zafi cikin dare. Waɗannan ba su kamawa sai an kunna ƙananan fitilun waje, domin makunni ɗaya ne ke ba su wuta tare da danjar baya da fitilar lamba. Kashi na biyu su ne fitilun gargaɗi, irin su mai hoton buta ta baƙin mai, da mai hoton batir, da ta birki, da mai hoton inji. Waɗannan daga makullin mota suke samun wuta. Launinsu ma magana ne: ja na nufin a tsaya nan take, rawaya na nufin a je a duba ba da daɗewa ba, kore da shuɗi kuwa sanarwa ce kawai.

A nan ne amsar abin da ya same mu a hanyar Lambata take. A motoci da yawa, musamman tsofaffin ƙirar Japan da Amurka, fiyus ɗaya ne ke tsare da fitilun allo da danjar baya. In ya ƙone duk sai su tafi tare. Direba ba ya ganin bayan motarsa, amma yana ganin gabansa, don haka duhun allo shi ne ɗan aiken da ke gaya masa babu haske a baya. A wasu motocin Jamus an raba su. A Golf 3 danjar dama da ta hagu kowacce da fiyus ɗinta, fitilun allo kuwa suna tarayya da fitilar lamba. Amma ko a irin waɗannan makunnin ɗaya ne, in shi ne ya lalace yana iya kashe su gaba ɗaya. Ke nan ƙa'ida ta farko ba ta bukatar ko sisin kwabo: duk lokacin da allo ya yi duhu, a tsaya inda ba haɗari, a bar fitilu a kunne, a fito a zagaya a dubi bayan mota.

A FARA DAGA MAI SAUƘI

Wani dattijon mai wayarin da na zauna da shi a rumfarsa, wanda ya koyi sana'ar tun zamanin 404, ya ce babban kuskuren yaran yanzu shi ne su ɗauki sukundireba su kwance allo tun kafin su tambayi mai mota yadda abin ya faro. A wurinsa gyara tambaya ce, kuma ana farawa ne daga abu mai araha zuwa mai tsada.

Tambaya ta farko, duka ne suka mutu ko kuwa wani sashe? In gefe ɗaya ne na allon ya yi duhu, ɗayan yana haske, to ƙwan fitila ne ya ƙone, ba wani abu ba. Ƙwayayen nan ƙanana ne kamar ƙwayar gyaɗa, galibi masu wat 1.2 zuwa 3, suna zaune a cikin 'yan gidaje da ake murɗawa a cire ta bayan allo. Sau da yawa ɗaya bayan ɗaya suke mutuwa a cikin shekaru, mai mota bai lura ba, sai ran da na ƙarshe ya tafi ya ce duk sun ɗauke dare ɗaya. In an riga an kwance allo, gara a sauya su duka, domin sa'o'in juna ne.

In kuwa duka ne suka ɗauke lokaci guda, sai a dubi ɗan abin murzawan nan na ƙara haske da rage shi, wanda ke kusa da sitiyari ko a jikin allo. Mai wankin mota ko yaro na iya murza shi zuwa ƙasa ba da sani ba, mutum ya kwashi mota zuwa gareji a kan abin da yatsa ɗaya zai gyara. Ko ba a taɓa shi ba, cikinsa kan yi datti ko ya cinye. In ana murza shi hasken yana ƙyaftawa yana ɗaukewa, to shi ne mai laifin.

Daga nan sai fiyus. Akwatinsa yana ƙarƙashin sitiyari ko cikin bonet, a jikin murfin kuma akan zana aikin kowanne. A zaro wanda ake zargi a ɗaga shi sama, in ɗan ƙarfen da ke tsakiya ya tsinke, ya ƙone. Fiyus na roba masu ƙafa biyu launinsu ke nuna ƙarfinsu: ruwan ƙasa amfiya 7.5, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Tsofaffin motocin Turai irin su Beetle suna amfani da dogayen nan masu tsini a kai da gindi, inda fari ke da amfiya 8, ja kuma 16. Su waɗannan sau da yawa ba ƙonewa suke yi ba, tsatsa ce ke kama bakinsu, da an juya su a mazauninsu ko an goge da samfefa sai wuta ta dawo.

In fiyus lafiya yake, danja tana ci, amma allo duhu, sai a nemi wayar da ke mai da wuta jikin mota, wadda masu wayarin ke kira at. A mota, ƙarfen bodi shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir. In kusar da ta ɗaure wayar nan ta yi tsatsa ko ta saki, sai a ga abubuwan al'ajabi: haske ya dushe, alluran geji su riƙa rawa, a kunna sigina fitilar wani abu daban ta riƙa ƙyaftawa, ko a bugi dashbod da tafin hannu haske ya dawo. Maganinsa a kwance, a kankare har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau. Sai bayan an gama da waɗannan duka ake zargin makunnin fitilu, ko soket ɗin da ke shiga bayan allo, ko siraran layukan tagulla da ke shimfiɗe a jikinsa, waɗanda kan tsage da tsufa.

Kayan aikin wannan bincike ba su da yawa. Ɗan tesita mai ƙwan fitila, wanda ake maƙala wayarsa a bodi a taɓa bakinsa a kan fiyus, ya isa ya nuna inda wuta ta zo da inda ta tsaya. Amma kafin a kwance allo a cire kan batir na at, kuma a motocin da ke da jakar iska kada a kusanci wayoyi da soket masu launin rawaya da tesita, domin na jakar ne, tana iya fashewa a fuskar mai gyara.

FIYUS BA ABOKIN GABA BA NE

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne inda aka sa sabon fiyus ya sāke ƙonewa. Nan ne za ka ga an sa mai amfiya 30 a gurbin mai 10, ko an naɗa silin waya, ko takardar azurfa ta kwalin taba, a ce an yi maganin abin. Bari mu yi ɗan lissafi. Wutar mota bolt 12 ce. Ƙwai mai wat 1.2 yana jan kashi ɗaya cikin goma na amfiya, guda goma ke nan amfiya 1. Ƙananan fitilun waje guda huɗu masu wat 5 kowanne ba su kai amfiya 2 ba. A haɗa da fitilun lamba, duka-duka abin bai wuce amfiya 4 ba. To in fiyus mai amfiya 10 ya ƙone a kan wannan ɗan kaya, ba nauyi ne ya yi masa yawa ba. Wata waya ce ta saɓule ta taɓa bodi, abin da ake kira shot.

Fiyus an yi shi ne domin ya mutu a madadin waya. In aka hana shi mutuwa, wayar ce za ta yi zafi ta narke a cikin damin 'yan uwanta a bayan dashbod, inda roba da soso da ƙura suke jiran tartsatsi. Motar da aka ga tana ci da wuta a gefen hanya ba tare da ta yi karo ba, a bincika, sau da yawa daga irin wannan dabara abin ya faro. Garin gyaran gira an rasa ido.

Masu wayarin sun san wuraren da shot ɗin nan ke ɓuya. Akwai gidan ƙwan danja da ruwa ya shiga ya yi tsatsa. Akwai wayoyin da ke bi ta maƙogwaron murfin but, waɗanda buɗewa da rufewa ke karyawa, musamman a motocin haya da ake danne murfin da igiya a kan buhuna. Akwai fitilar lamba da aka murƙushe a wani ɗan karo. Sa'an nan akwai rediyo. A cikin wayoyin da ke zuwa bayan rediyo akwai ta hasken dare, wadda in fitilu suna kashe takan yi wa mai gwaji kama da at. Wanda bai ƙware ba sai ya haɗa ta a matsayin at, rediyo ya yi ta waƙa da rana, da magariba ta yi aka kunna fitila sai fiyus ya tashi. Don haka tambayar da gwani ke yi ita ce, wane aiki aka yi wa motar nan kafin abin ya faru? Mafi yawan lokaci amsar tana nan.

FITILUN DA INJI YA DOGARA DA SU

Mutuwar fitilun gargaɗi ta fi wuyar ganewa, domin a bisa al'ada a kashe suke in mota tana tafiya. Wadda ta mutu da wadda ba ta da abin faɗi kamarsu ɗaya. Shi ya sa masu ƙera mota suka tsara cewa in an murɗa makulli zuwa matakin da ke kafin tayar da inji, fitilun gargaɗi su kama, in inji ya tashi su mutu. Wannan ɗan lokaci gwaji ne. Wanda ya saba murɗa makulli gaba ɗaya bai duba ba, ya bar gwajin ya wuce shi.

Fitilar baƙin mai ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin tura shi take aunawa. Wani ɗan makunni ne a jikin inji, in ƙarfin turawar ya faɗi ƙasa ƙwarai sai ya haɗa waya da bodi fitilar ta kama. Ran da famfon mai ya gaza, ko kwanon mai ya bugi dutse a ramukan hanyar Bida ya tsiyaye, ita kaɗai ce za ta yi magana kafin inji ya buga, tazarar kuwa 'yan mintoci ne ko ƙasa da haka. A galibin tsofaffin motoci gwajinta mai sauƙi ne: a cire wayar daga kan makunnin, a buɗe makulli, a taɓa ta a jikin inji. In fitilar ta kama, makunnin ne ya lalace. In ba ta kama ba, ƙwan ne ko wayar. A auna kuɗin ƙwai ɗaya da kuɗin sauke inji, a ga wanda ya fi sauƙi.

Fitilar batir kuwa aikinta biyu ne, abin da direbobi da yawa ba su sani ba. A tsofaffin motoci, ta cikin ƙwan nan ne 'yar wutar farko ke bi ta je ta tayar da altaneta, watau na'urar da ke cajin batir. In ƙwan ya ƙone, a wasu motocin caji ba zai fara ba sai an taka totur da ƙarfi, a wasu ma ba zai fara ba sam. Sai mutum ya sayi sabon batir, bayan kwana biyu ya sāke neman masu turi, ya ce an sayar masa da jabu, alhali ɗan ƙwai ne ya mutu. Batir mai lafiya yana nuna kimanin bolt 12.6 in inji yana kashe, in yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. In ya haura 15 caji ya yi yawa, shi ma yana ƙone ƙwayaye ɗaya bayan ɗaya. Al'adar nan ta cire kan batir inji yana aiki don a gwada caji, a bar ta, domin wutar da ke yin tsalle a lokacin tana kashe ƙwayaye da na'urorin mota.

Har ila yau fitilar batir ita ce ke fara ba da labarin tsinkewar fambel. A Beetle, wadda iska ke sanyaya injinta, fankar tana kan sanda ɗaya da na'urar caji, shi ya sa tsofaffin direbobi suka san cewa in jan hasken nan ya kama ana cikin tafiya, tsayawa ake yi nan take. A 504 da ire-irenta ma bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwan lagireto. Wanda fitilarsa ta mutu, gejin zafi kuma yana cikin duhu, sai tururi ne zai ba shi labari.

A nan ya kamata a ja kunnen samari masu sauya ƙwayayen allo da na zamani da ake kira LED don kwalliya. Ba laifi a sa su a masu haska allo, sai dai a sani suna da gaba da baya, in aka juya su ba su kamawa, wasunsu kuma ba su bin abin rage haske. Amma a gurbin fitilar batir ta tsohuwar mota a bar ƙwai na asali, domin LED ba ya barin isasshiyar wutar da za ta tayar da altaneta ta wuce.

MAI SAYE YA BUƊE IDO

Akwai kuma fitilun da ba mutuwar Allah suka yi ba, kashe su aka yi. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin da kwamfutar mota ke lura da lafiyar inji ta kunna fitila mai hoton inji in ta ga matsala, Turai ta bi baya a 2001 ga motoci masu amfani da fetur. Waɗannan su ne motocin da suka cika kasuwanninmu. Wasu marasa tsoron Allah, in za su sayar da motar da fitilar nan ko ta jakar iska ta ƙi mutuwa, sai su zare ƙwan, ko su liƙe shi da baƙin salatif, ko su haɗa wayarsa da ta fitilar baƙin mai don su kama tare su mutu tare. Wannan ha'inci ne, ciniki kuwa ba ya albarka da ɓoye aibi.

Mai saye ya buɗe makulli ya ƙirga fitilun da idonsa kafin a tayar da inji, ya kuma nemi mai na'urar bincike ya jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, domin kwamfuta ba ta manta abin da aka ɓoye wa ido. A sani kuma, a motocin da suka biyo baya fitilun allo a like suke da dalma, ba a murɗe su a cire, sai mai gyaran na'urori. Sauya allon ɗungurungum ma ba wasa ba ne, domin lissafin tafiyar da mota ta yi zai canza, a wasu kuma irin su Golf 4 na'urar da ke gane makulli tana cikin allon, in aka sa na wata motar inji ba zai yi aiki ba.

NAUYIN DA KE KAN KOWA

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Tilas ne mota ta kasance da jan haske a baya cikin dare, kuma an ƙayyade gudu, kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya ga ƙananan motoci. Wanda ba ya ganin malejinsa, da me zai kiyaye wannan? Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ɗan garin nan na Minna, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tare da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, su ke da alhakin tsare wannan doka. Amma jami'i ba zai kwana a kowace mota ba, kuma da rana tsaka matacciyar danja ba ta tona kanta.

Saboda haka muna kira ga shugabannin tashoshin mota, a Minna da sauran garuruwa, da su mai da shi ƙa'ida cewa duk motar da za ta yi lodin yamma sai an kunna fitilunta an zagaya an duba kafin ta fita. Aikin minti ɗaya ne, ɗan kamasho ma zai iya. Masu wayarin kuma su ji tsoron Allah su daina naɗa waya a gurbin fiyus, ko da mai mota ne ya matsa, su gaya masa gaskiya komai ɗacinta. Mai mota ya ajiye fiyus biyu ko uku na kowane launi a aljihun dashbod, ya kuma saba wa kansa da tsayawa daƙiƙa uku a kan makulli kowace safiya.

Fasinja ma yana da baki. Ni da na ga duhun nan tun daga Suleja, da na san abin da na sani yau, da ban yarda mun bar tasha ba sai an duba baya. Na yi shiru ne don kada a ce na cika iyayi, shirun nan kuwa ya kusa ya ci rayuka bakwai. In ka shiga motar dare ka ga gaban direba duhu, ka roƙe shi da girma da arziki ya kunna fitila a zagaya a gani. In ya ƙi, akwai wata motar a baya.

Allah Ya kiyaye mu da sharrin ƙarfe, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.